Fistin Na Uku

…a'a, ba tsaga ba ce. Ƙuje ne kawai. Farce ya bi ta kai ya wuce, bai maƙale ba. Bari dai in sake — daga sama zuwa gindi, a hankali… ya wuce. Tau mi nake nema kuma? Na ukun ke nan a hannuna, sauran suna jere kan buhu yadda na zaro su daga injin motarka, kuma tun hantsi nake juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen dankali. Ni Gide. Ni da ake ɗauko wa inji tun daga Sabuwa a bayan a-kori-kura don kawai in ɗora ido in ce wannan ya yi, wancan a jefar. Yau ga fistin huɗu sun zaunar da ni a garejina.

Ƙanenka Salim yana can gindin dalbejiya, wai yana wanke kan inji. Wanke mi? Jiya ya wanke shi, shekaranjiya ma ya wanke shi, ƙarfen har ɗaukar ido yake. Satar kallona kawai yake yi. Ring sabo yana cikin takardarsa, gasket na rataye a ƙusa, lagireto an liƙe. Bakina kaɗai ake jira. In na ce za su yi, a mayar da su, mota ta tashi, shi ya hau kujerarka ya kama hanyar Ƙanƙara — hanyar da ta cinye ka. In na ce ba za su yi ba… shi ke nan, ta mutu a inda take. Tsohon inji irin wannan, an bi Funtua rumfa-rumfa, an yi aike har Kano, babu fistin ɗinsa, ko na kwance. Waɗannan huɗun ne ko babu.

Shi ya sa nake dubawa. Ai dole in duba. Wa zai ce kar in duba? Fistin mai tsaga ba ya nuna kansa a gareji. Lafiya lau zai tashi, ya yi ta tafiya sumul har ka yaba wa kanka. Sai ya ɗau zafi, sai mota ta cika da mutane da buhunan masara, sai an kai daidai inda ba gida gaba ba gida baya — nan zai dare. A wata hanyar in inji ya buga, tsaki za ka yi ka nemi inuwa ka jira mai ja. A wannan kau… ka fi ni sani. Ka fi kowa sani.

Da igiya aka jawo ta, bayan an kai ka. Ban fito na gani ba, ina zaune kan tabarmar gaisuwa, ana ta Allah ya ji ƙan rai ina ta amin. Na dai ji tayar da ta sace tana jan ƙasa, na ji kukan sifirin ɗin baya, na san ita ce. Ko cikin mota ɗari zan gane kukan nan. Sau nawa na ce ka canza shi? Gobe, Baba. Gobe. Kai da gobe. Sai da aka share makoki na zo na ɗaga bonet — hujin harsashi a lagireto, tankin ruwan inji, ƙaramin yatsana ya shiga daidai. Wani a ƙofar direba. Wannan ban sa yatsa ba. Kujerar kuma Salim ya riga ya cire ta, ya wanke da sabulu da toka, ya shanya a bayan rumfa don kar uwarku ta gani.

Abdulganiyu.

Ka ji — ko a zuci sunanka nauyi yake mani. A tasha kowa na da bakin kiranka, 'yan kamasho, masu shayi, har waɗanda ba su kai ka ba: Abdulganiyu ya cika? Abdulganiyu ya tashi? Ni kau da na yanka ragon sunan ban taɓa furta shi ba. Ɗan fari. Haka muka taso muka tarar, haka ubana ya yi da yayana, ban taɓa ganin aibin abin ba. Kai. Wannan. Ina direban nan ya shiga? In mutane suka yabe ka a gabana sai in kau da kai in ce a miƙo mani sifana. Ranar da aka ɗaura maka aure da Rukayya ina ƙarƙashin motar wani mutumin Ƙetare, motar da ba abin da ke damunta. Ranar da aka kai ka kuma ina jin su, Malam Gide akwai dauriya, ko ƙwalla babu. Dauriya? Wace dauriya? Hanyar ce ban sani ba. Shekara da shekaru ina koyon kau da kai daga gare ka, rana ɗaya a ce in tsaya in dube ka in yi kuka gaban jama'a… wuyana ya riga ya saba.

Cikin inji kaɗai muke haɗuwa. Nan babu kunya. Kaina da kanka ƙarƙashin bonet ɗaya, gumi na ɗiga kan ƙarfe ɗaya, ni in riƙe kai ka ɗaure, in ka wuce ƙima in ce ya isa, za ka karya, ɗan banza. Nan kaɗai na san ɗumin hannunka. Ina kewar ka. Ga shi na faɗa, ba wanda ya ji.

Ga aikinka ma nan. Ɗigo biyu a kan wannan, ƙusa da guduma, tsaf-tsaf. Ɗigo biyu — a kan fistin na uku. Duk bakaniken da ke ƙasar nan daga gaba yake ƙirga, daga wajen fanka, ya yi wa kowanne alama don a san ramin da zai koma. Kai sai daga baya, daga wajen giya. Don mi? Wai in kana zaune a kujerar direba na bayan ne ya fi kusa da kai, saboda haka shi ne na farko. Ji wata magana don Allah. Na ce ranar da wani ya kwance injin nan ba ka kusa, a juye zai mayar da su. Ka yi dariyar nan taka mai ban haushi, ka ce, Baba ai in ba ni ba kai ne, kai kuma ka san halina. Na ɗaga sifana kamar in kwaɗa maka… Na san halinka. Ga shi ni ɗin ne. Ga shi ba ka kusa.

Tau. A bar wannan. Aiki.

Kananzir. A tsoma shi ya sha sosai, a tsame, a goge tas da tsumma har ya bushe. Sannan alli — dakakke, lukui, a barbaɗa ko'ina, cikin ramukan ring, bakin hujin gefe, ƙarƙashin kai inda ido ba ya kaiwa. In akwai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai tsattsafo ya ja layi a jikin farin. Maigidana na Funtua ya koya mani, Allah ya ji ƙansa, ni na koya maka, ka ce tsohon yayi ne. Tsohon yayi — amma wa na kama a bayan rumfa da alli har a gira? Jiya na yi masu. Yau zan sake, ai ba laifi ba ne. A ajiye a rana. A jira.

An kira azahar? An kira, na yi, ko jiya ce na yi… na yi, ga ruwan alwala bai gama bushewa a ƙasa ba.

Ba wai ban san abin da ke gida ba. Na sani. Gonarmu ta wajen Faskari damina ta zo ta wuce ba wanda ya taka ta, an ce ciyawa ta fi tsayin mutum, wa zai je da 'yan bindiga a dajin? Rumbu in ka leƙa ƙasansa kake gani. Rukayya ta fita takaba, ga ɗiyanka biyu, ƙaramar har yanzu in ta ji an kashe mota a ƙofar gida sai ta ruga zaure, ta tsaya, ta dawo tana jan ƙafa. Garejin kuma ka gan shi — a'a, ba ka gan shi ba — motocin da ke bin hanya sun ragu, masu gyaran sun ragu, wani yinin kaji ne kawai abokan hirata. Salim kuma ba yaro ba ne. Gemu gare shi, lasin gare shi. Ya durƙusa gabana kansa a ƙasa ya ce zama ya ishe shi, ya ce har kunyar sa hannu cikin kwanon tuwo yake ji. Ya ce wasu ma ai suna bin hanyar, su ma da iyayensu. Ya yi gaskiya. Abin haushin ke nan, ya yi gaskiya, ban sami inda zan kama shi ba.

Ya isa haka. Bari in gani.

Fari. Juya… fari. Cikin ramin ring — fari fat. Na ɗaya fari, na biyu fari, na huɗu ma ko ɗigon maiƙo babu. Na ukun nan dai, shi ne mai ƙujen, shi ya fi shan wuta, in akwai a nan take. Kawo shi rana. Ido na ne? Idon ya tsufa, wataƙila ido na ne… babu. Babu layi. Tau a rataye shi da waya a ƙwanƙwasa, mai tsaga ba ya amsawa, taf zai ce ya yi shiru. Ji. Ji yadda yake amsawa, dogon kuka, har yana bin kunne. Tsohon ring a rami — ba ya rawa. A zura fistin ɗin cikin silinda — ga shi yana sauka da nauyin kansa, sannu a hankali, ba kaɗawa, ba tirjiya. Samfefa mai laushi da ɗan mai, ƙujen nan ya tafi. Ko almajirin gyara ya san wannan.

Amma ta yaya? Abin da ke cin raina ke nan tun da na buɗe. Inji ya yi irin wannan tafiyar ba ɗigon ruwa a ciki… ai kamata ya yi in tarar sun narke, sun manne da bango, sai da guduma da katako za a fid da su. Na ga irinsu ba iyaka, baƙi ƙirin, kai ya ɓule, ring ya koma gari. Waɗannan kau sai ɗan ƙuje, kamar wanda ya faɗi a kan keke.

Tsohuwar nan ta Damari. Hajiya Lauratu, wadda ke zaune a bayanka ranar. Ta zo gaisuwa tana dogara sanda, ta ce ita ba ta tafiya sai ta ga uban direba. Tana ta magana, kaina na ƙasa, rabi nake ji rabi na wucewa. 'Yan bindiga sun fito daga cikin dawa a kan babura, sun buɗe wuta, ba ka tsaya ba — wannan kowa ya faɗa. Amma ta ƙara wani abu, na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ta ce bayan kun wuce su, tururi na fita ta gaba, sai ka dinga kashe motar. Ta ce, Malam, in muka hau tudu sai ya kashe ta, mu gangara shiru ba ka jin komai sai salatin mata, in ta kusa tsayawa ya tayar. Muna ta roƙonsa ya taka, ya taka, shi kau ya ƙi. Ashe jini ne ke bin ƙafarsa.

Kashe ta a gangara…

Wayyo Allah. Ni ne. Ni na koya maka. Kana ɗan saurayi, bel ɗin fanka ya tsinke mana a hanyar Sabuwa, rana tsaka, na ce duba nan, in inji ya ɗau zafi ba a matsa mashi, a hau tudu a hankali, a kashe, a fid da giya a sa furi iska ta buge shi, in ta kusa tsayawa a tayar da giya. Ban ma san kana saurare ba, rake kake sha kana tofar da totuwa ta taga, har na ce magana nake da kai ko da itace? Ashe ka ji. Da harsashi a jikinka, mata na kururuwa a kunnenka, ba ka san ko baburan na biye ba — kana lallaɓa inji. Ka san in ka taka shi zai buga kafin a ga gari, a tsaya a daji da mota cike da mutane. Tudu bayan tudu ka lallaɓo shi har rufin kwanon farko na garinmu Mairuwa ya bayyana, ka sauka gefen titi, har birkin hannu ka ja, in ji su, sannan ka kifa kai a kan sitiyari. Ba wanda ya rasa ko takalmi a motar nan. Kai kaɗai.

Da ka taka… da ka iso da wuri, da jinin bai — a'a. A'a. Astagfirullah. Kwana ya ƙare, ba gaba ba baya. Ba zan bi ta nan ba, in na bi ba zan dawo ba.

Shi ya sa suke fari. Ba sa'a ba ce, ba ƙarfin ƙarfe ba ne. Kai ne ka hana su ƙonewa. Aikin da ya fi kowanne kyau da na taɓa gani a rayuwata, kuma ba ni da inda zan kai yabon. Da kana nan ma ai ba zan faɗa ba, sifana zan ce a miƙo. Zuciyata ta karye, ɗana. Ta karye, ba ta ɗoruwa.

Tau in haka ne… mi ya sa gabana ya faɗi da na ga farin? Bakanike ya ga fistin lafiya ai hamdala yake yi. Ni da na ɗaga na ukun nan a rana na ga babu layi, ji na yi kamar an aiko mani da wata rasuwar. Don mi?

Gide, faɗi gaskiya. Ba kowa a nan, daga kai sai alli.

Ba tsoron tsaga nake ba. Neman ta nake. Tun ranar da aka sauke injin nan neman ta nake, duk jan farcen da na yi roƙo nake Allah ya sa ya maƙale. Ɗaya tak, siririya, in kira Salim in nuna mashi — ka gani da idonka, ba ni na hana ba, ƙarfe ne ya hana. Ya yi fushi da ƙarfe. Ya kwanta a gida yana fushi, ya tashi a gida yana fushi, ya ƙi yi mani magana har shekara, ya rame, mu rame gaba ɗaya… ya dai tashi a gida. In ji tarinsa ta katanga. Abin da nake nema ke nan da kananzir da alli, ni da nake ce wa kaina ƙwarewa ce.

Uwarku ta riga ni ganewa. Hajaratu da ke tambayar komai, ina ka je, wa ka gani, mi ya ce — ba ta taɓa tambayata yaushe za a gama motar nan ba. Ko sau ɗaya. Yau da safe tana miƙo mani koko, ba ta dube ni ba, ta ce, Malam, aikin ƙarfe ai ba a yi mashi gaggawa ko? Na ce haka ne. Na shanye kokon da zafinsa na fito.

Tau in yi ƙarya? In ce sun mutu? Ga wa? Salim a garejin nan ya yi rarrafe, shi ma farce gare shi. Da na zo da safe shatin yatsu na tarar a jikin allin jiya, ba nawa ba ne. Ya duba. Ya sani. Ba amsa yake jira ba, jira yake ya ji ko ubansa zai faɗi gaskiya. Ni kuma tun da na kama sifana ban taɓa ce wa lafiyayyen ƙarfe matacce ba, ko matacce lafiyayye, ko ga wanda na tsana. In fara yau, a kan ɗana, yana kallon bakina? In na yi, na rasa shi yana zaune a gida. In ban yi ba…

Ya tashi. Ya ajiye buroshi, yana goge hannu a wando. Ya gaji da jira. Yana tahowa, kafaɗa ɗaya a karkace, tafiyarku ɗaya, ban taɓa lura ba sai yau.

Ga bulok ɗin inji dab da ƙafata, baƙin ƙarfe mai kaifin baki. Fistin alminiyum ne, gindinsa siriri. In ya kuɓuce daga tsayin ƙirjina ya sauka kan bakin nan, ya gama, ba sai an sa alli ba. Hannu da kananzir, santsi. Tsoho ne ni, hannuna na rawa, duk Mairuwa ta sani — wa zai ce da gangan? Uku ba su tada inji. Ba ƙarya, ba magana, buɗe yatsu ne kawai…

Wannan? Wannan da ka hana narkewa jininka na zuba? Ka kawo shi gida lafiya, ni in fasa shi a ƙasa? In kuma na riƙe, da hannun nan nawa zan mayar da shi, in ɗaure, in tayar, in tsaya bakin titi in ga ƙanenka ya sha kwana. Kai ka jawo mani wannan. Da ka ƙona su ma, da ka ƙona su kowa ya huta… yafe mani, ba haka nake nufi ba. Ban san abin da nake nufi ba. Na gaji. Wallahi na gaji.

"Baba, za su yi?"

Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ba ni yake kallo ba, hannuna yake kallo. Yana tsaye yana jira, ni kuma yatsun nan na kasa gane ko riƙewa suke ko sakewa…